Gaba goma na gajeren mutum

Shekarun baya, tun ina saurayi mai ji da kansa, na nemi auren wata yarinya a cikin ganuwar Birnin Gwari. Ni dai ina sonta kamar me, ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Mahaifinta ya ce ba zai ba da ita ba sai ga wanda ta nuna da kanta.

Ana nan sai igiyar gugan gidansu ta ruɓe. Na yi caraf na ce ni zan kawo sabuwa. Na auna tsohuwar da hannuna, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu arba'in. Ranar kasuwa na bi ayari muka ratsa daji zuwa Tabanni, don lokacin ba a shiga dajin nan mutum ɗaya saboda mahara.

Mai tufkar igiyar da na samu a can ya ce shi da gaba yake sayarwa. Na ce ai da sauƙi, kamu huɗu gaba ɗaya, a ba ni gaba goma. Ya ware hannuwansa sau goma ya yanka. Ina ta jin daɗin iya lissafina, ban ko lura ba cewa mutumin da ƙyar ya kai min kafaɗa, ni kuwa dogo ne har ana min tsiya.

Na kai igiya gidan, mata sun taru bakin rijiya. Aka zura guga, igiya ta ƙare, guga na lilo bai taɓa ruwa ba. Kunya ta rufe ni.

Mahaifinta ya leƙa, ya ce, "Ɗana, ko ruwan ne zai taso ya same shi?"

Sai yarinyar ta miƙe. Ta je ta kwance igiyar akuyarta, ta ƙulla a kan tawa, ta jawo guga cike. Akuya kuwa ta yi waje.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wadda ta saki akuyarta don ta rufa maka asiri ai ta gama magana. Ka turo manyanka. Amma fara kamo min akuyar."

Tun daga ranar, in an ce min kamu ko gaba, sai na tambaya na wa. Amma ban taɓa jin haushin gajeren nan ba. Da hannunsa ya kai nawa, da wataƙila har yau ina jiran amsa.