'Yar Roba a Kan Cinya

Lokacin da kuɗin mai ya fashe, gwamnati ta yi ta kwasar mu tana turowa karatu, ni kuma rabona ya faɗo Landan. Muka kama hayar flat a unguwar Whitechapel, ni da matata da jaririyarmu.

Aikina shi ne in koya wa kwamfuta haɗarin mota. Sai in huda katuna, in kai wa wata na'ura mai cin ɗaki guda, ta lissafa inda kowane fasinja zai faɗa idan mota ta daki bango. Daga nan a je filin gwaji bayan gari, a zaunar da mutum-mutumin roba a motar gaske, a maka ta da bangon siminti, a ɗauki fim. In lissafi ya dace da fim, na ci. In ya saɓa, sai in koma gida ba digiri.

Turawa kowane mutum-mutumi kujerarsa daban. Ni da karambanina na ce a gwada irin zamanmu na gida: uwa a gaba, jariri a cinya, naɗe da zane. Malamina ya yarda. Ba su da zane, na ari na matata.

Ita dai ta san akwai jarrabawa. Kullum bayan salla sai ta roƙi Allah ya sa lissafina ya yi daidai, ni ina amin.

Ni na naɗe 'yar robar da hannuna, na ɗora hannayen uwar a kanta. Nauyinta ya yi daidai da na 'yata, zanen kuma yana ƙamshin turaren ɗakinmu.

Karon kansa ƙiftawar ido ne. A majigi ne aka rage gudu. Ba sauti, sai ƙarar na'urar majigin. Hannayen uwar suka buɗe a hankali, kamar mai miƙa wa baƙuwa jariri. 'Yar ta tashi, zanen yana warwarewa a bayanta, kanta ya sauka a gilashi, daidai inda kwamfuta ta ce. Malamina ya dafa kafaɗata yana murna. Ni tsoro ne ya kama ni.

Da na dawo, matata ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, an yi test ɗin? An dace?"

Na ce, "An dace."

Ta yi hamdala, har ta soya wa maƙwabta waina.

Da muka koma gida, ƙanena ya zo tarbarmu filin jirgin Kano da sabuwar Fijo, cike da dangi. Don girmamawa aka ba matata gaba. Ta zauna, ta rungume yarinyar a cinya. Na nemi a juya zaman, aka yi mini dariyar wanda ya sha ruwan Turai. Na zauna a baya. Har muka isa garinmu ban ji hirar kowa ba, idona yana kan wuri ɗaya a gilashin.