Saniyar da Yaya Bukar bai gama dubawa ba

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Bukar. A Gure waɗanda suka san shi sun fara ƙaranci, kuma abin da suke tunawa kaɗan ne: dogon mutum marar yawan magana, makiyayi a wajen Alakos, wanda in ma'aikatan gwamnati suka zo ruga yakan amsa musu da Faransancin da ya fi nasu tsabta. Ba su san shi ne na farko a gidanmu da ya karanta ilimin halittu ba. Ni na sani, domin ina da shekara goma lokacin da karatun ya tsaya, kuma a zaurenmu ya tsaya.

A shekarun 1930 ne. An kai Yaya lakwal, makarantar Nasara, ba da son Baba ba, kamar yadda ake yi a zamanin. Ya yi Damagaram, ya yi Yamai, daga nan aka tura shi wata babbar makaranta a bakin teku, can ƙasar Senegal. Ba irin makarantar da ake shiga a koyi sana'a ɗaya a fito ba ce. Ana yin lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ana kiɗa, ana wasan kwaikwayo, ga lambu da kowa ke nomawa. Sai ɗalibi ya ɗanɗana duka, sannan ya zaɓi inda zai dage. Yaya ya zaɓi halittu: yadda jini ke yawo a jiki, yadda iri ke tsirowa, abin da ke cikin kwaɗo. Ya taɓa gaya mini dalili. Ya ce a darasin tarihi kakannin wasu ake koya masa, amma zuciyar kwaɗo ɗaya ce, ko a Faransa ko a tafkin bayan gidanmu.

Bayan shekara biyu ya zo hutu, a ƙarshen damina. Saura masa shekara ɗaya ya gama. Ya zo da wani ɗan madubi a aljihu mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. A cikinsa na fara ganin fuskar tururuwa, da gashin da ke jikin zangarniyar gero. Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi leƙawa, ta ce abin da Allah ya ƙanƙanta a bar shi a ƙanƙance, amma dariya take yi tana faɗa.

A lokacin shanun Kawu Lawan, ƙanin Inna, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai saniya ta rame, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, ta kwanta. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mugunyar ciyawa. Wata ta mutu kafin a sa mata wuƙa, ta zama mushe, aka ja ta bayan gari aka bar wa ungulu. Da safe Yaya ya ɗauki wuƙa ya bi ta. Yana zargin wata tsutsa mai kama da ganye da ke zama a hanta, wadda dabba ke ɗauka a bakin tafki, kuma yana so ya gani da idonsa. Ya farke cikin, ya kai ga hantar, ya fara tsaga ta, sai mata masu zuwa rijiya suka hango shi. Ba a jima ba Baba Gana, ƙanin mahaifinmu, ya iso da mutum biyu. Suka ɗaga shi ta hammata, jini har gwiwar hannunsa, suka bi da shi ta bayan gidaje.

Mai karatu na yau sai an yi masa bayani. A wurinmu a lokacin, fawa tana da mutanenta. Ɗan malam ko naman halal ba ya feɗewa a bainar jama'a, balle mushe. Kuma dalili biyu kaɗai aka sani da ke kai mutum kan mushe da wuƙa: ko yana neman naman da zai cuci mutane da shi, ko yana neman kayan tsafi. Babu wanda ya taɓa jin na uku, wato mutum ya buɗe don kawai ya san abin da ya faru.

Da magariba aka kawo tuwo zaure, inda mazan gida ke ci a akushi ɗaya. Yaya ya yi wanka, ya sauya riga. Yana sa hannu Baba Gana ya janye nasa, ya ce ya ƙoshi. Sauran ma suka ƙoshi. Washegari Inna ta aiko masa da nasa a kwano dabam. Baba shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu, kuma cikin 'yan kwanaki sahu ya ragu. Mutanen da suka yi shekaru suna binsa salla suka gano cewa masallacin ƙetaren kasuwa ya fi musu kusa.

Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne Baba ya san hukuncin. Na ji shi yana gaya wa Kawu Lawan cewa a littafi najasa ce kawai, ruwa na kawar da ita, kuma yaron ya wanke. Kawu, mai shanun, ya ce shi da an bar Bukar ya ƙarasa da ya fi masa. Amma a cikin gida suka faɗi wannan. A masallaci Baba bai ce komai ba.

Sai ya kira Yaya zaure, ya tambaye shi ko wannan aikin suke yi a can. Yaya ya ce shi ne, a kan kwaɗi da ɓeraye da zomaye. Baba ya tambayi abin da ke gaba in ya gama. Da Yaya ya ce aikin likita ya tsaya nan, ina jin da ya koma makaranta. Amma an koya masa ya faɗi abu yadda yake. Ya ce waɗanda suka ci jarrabawa sukan wuce makarantar likitoci, kuma a can jikin mutum ake buɗewa.

Baba ya ce, "Gawar wa?"

"Ta wanda ba shi da kowa, Baba."

"To, kai kana da mutane."

Da lokacin komawa ya yi, aka tura shi Alakos tare da Kawu Lawan. Aka gaya wa kumandan, Baturen mulki, cewa iskar teku ta taɓa masa ƙirji. An aiko gardi, ɗan sandan kumandan, ya duba, aka ce yana daji yana shan magani, daga baya maganar ta mutu. Sahun masallaci ya koma yadda yake. Labarin ciwon ƙirji kuwa ya zauna a gidanmu har ya zama gaskiya. Shi aka gaya wa matarsa, shi aka gaya wa 'ya'yansa. Ranar da muka binne shi wani dattijo ya ce da ba don lalura ba da Bukar ya zama babban mutum, duk zauren muka gyaɗa kai.

Bara 'yata Falmata ta gama karatun ilimin halittu a jami'a. Aka yi walima a Gure, aka yanka rago. 'Ya'yan Baba Gana suka zo, suna gaya wa baƙi cewa abin gado ne, gidanmu dama gidan bincike ne. Na rasa inda zan sa idona. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce da yana nan. Ba na jin zai yi wa kowa gori, ba halinsa ba ne. Ina jin zai ja Falmata gefe ya tambaye ta irin madubin da suke da shi yanzu, kuma ransa zai ɓaci in ta gaya masa, kamar yadda ta gaya mini, cewa ɗalibai sun yi wa madubin yawa, wani sai ya gama shekara bai leƙa sosai ba.

Ganina na ƙarshe da shi, na riga na fara aiki a gidan rediyo. Na same shi a ruga yana ɗaure maraƙi. Ya ce ya ji ni a akwati ina karanta sanarwa, wai makiyaya su bar malaman dabbobi su buɗe duk dabbar da ta mutu. Ya ce, "Ka karanta da kyau, ƙanina. Ko hammatarka ba a taɓa ba." Muka yi dariya. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana riƙe da Baba a zuciya. Ya ce a'a, Baba gidansa ya tsare. Ya gama ƙulla igiyar, sannan ya ce, "Abin da ya tsaya mini shi ne ban gama dubawa ba. Rabin hantar kawai na buɗe."

Bai bar littafi ba, bai bar ɗalibi ba, ɗan madubin ma ya ɓace a wata ƙaura. Ya yi kiwon shanu sama da shekara ashirin, sun mutu a gabansa ba iyaka, kuma matarsa ta tabbatar mini bai sake sa wa mushe wuƙa ba, ko a dajin da babu mai ganinsa. Ya yi wa Baba alkawari, ya riƙe. In aka auna, abin da ya rage nasa ke nan: gaskiyar da ya faɗa a zaure, da alkawarin da ya cika. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Da na ba Falmata wannan labari, ba ta ce komai ba game da Baba ko Baba Gana. Tambayar da ta yi irin ta Yaya ce: to, wace cuta ce ta kashe shanun? Na ce ban sani ba, kuma babu wanda ya sani. Mutum ɗaya ne a duk Gure ya durƙusa don ya duba, mu kuma muka ɗaga shi.