Sitan Jara, Mai Cire Mutane Daga Hoto

Shekara ashirin da takwas Sitan Jara ta yi tana aiki a ɗakin baya na shagon hoton Bamusa Tangara a Segu, amma ba ta taɓa ɗaukar hoto ko ɗaya ba. Nata aikin gyara ne. Da reza da ɗan burushin gashin akuya take rufe ƙurajen amarya, ta daidaita hular ango. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne cire mutum. In aure ya mutu, ko 'yan'uwa suka ɓata, ko wani ya rasu uwarsa ta kasa kallon fuskarsa, sai a kawo mata hoton. Ta kankare mutumin daga takardar, ta cike gurbin da labule ko tukunyar fure, ka rantse ba wanda ya taɓa tsayawa a wurin. Ba ta tambayar dalili. Da Bamusa ya rasu aka rufe shagon, ta koma suyar kifi a ƙofar gidanta.

Bara masu ɗaukar hoto na garin suka shirya nuna ayyukansu a wani tsohon ɗakin ajiyar auduga da ke bakin kogi. Bango uku nasu ne: masunta a kan ruwa, hannuwan mata masu ginin tukwane, inuwar jaki a jikin katanga. Na huɗun suka bar wa marigayi Bamusa. Shugabarsu, Korotumu, ita ta samo akwatunan fim ɗinsa ta wanko hotunan sababbi.

Sitan ta je da hantsi. Tana isa bangon nan ta tsaya cak. Ita takarda kawai take kankarewa, ba ta taɓa fim, don haka duk wanda ta cire ya dawo mazauninsa. Ga mijin da aka rabu da shi ya dafa kafaɗar matarsa, ga yarinyar da ƙyanda ta ɗauke a tsakiyar ƙannenta. Ta san kowannensu har gira, don sai ta ƙare wa mutum kallo kafin ta goge shi. Yanzu kuma ji ta yi ita suke kallo.

"Jara maciyiyar wake, zo ki ga ɓarnarki," in ji wata murya a bayanta.

Zumana Tarawele ne, tsohon tela, abokin wasanta.

"Bawana, wa ya kwance ka ka fito cikin mutane?" ta ce.

Bai yi dariya ba. Ya nuna mata wani hoto. Wata mace ce a tsaye, matar yayansa, kusa da kujera mai zanen furanni. A kan kujerar akwai jaririya, sai dai ba ta taɓa mazaunin ba, tsakaninsu ya kai taƙi guda. Rigar jaririyar ta lotsa a gefe biyu kamar inda yatsu suka riƙe.

"Ni ne a zaune, ni na riƙe ta," Zumana ya ce. "Me na yi miki kika cire ni?"

Korotumu ta ɗauko fim ɗin. Sitan ta fita ƙofa ta ɗaga shi a rana, ta juya shi gaba da baya. Babu ƙarzane, babu ɗigon fenti, furannin kujerar ma cif suke.

"Ban taɓa wannan ba," ta ce. "Kuma ban san rezar da za ta iya shi ba."

"To mayar da ni."

Ba ta taɓa ƙara mutum a hoto ba, amma ta kasa ce masa a'a. Korotumu ta wanko mata wani, Sitan kuma ta nemo burushinta a ƙasan akwati. Kwana uku Zumana yana zuwa da safe ya zauna gabanta a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, tana kallonsa tana rage masa shekara arba'in. Kwana biyun farko riga da hannuwa kawai ta iya. Rana ta uku hannunta ya yi ta gudu, kafin azahar fuska ta fito.

Ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, har kaza ta hau tabarmar bai kore ta ba.

"Wannan ba ni ba ne," ya ce a hankali. "Yayana ne, uban yarinyar. Kwana tara kafin hoton nan jirginsa ya kife a kogi, ya rasu. Rigarsa na saka na zauna a madadinsa."

"Ban taɓa ganin yayanka ba, Zumana."

"Na sani. A Mopti ya zauna. Ga shi har tabon ƙugiya a haɓarsa."

Sitan ta leƙa. Tabon yana nan, siriri, da fentinta. Ba ta tuna lokacin da ta ja shi ba.

Korotumu ta roƙi a rataye hoton kusa da na farkon, Zumana ya ƙi. Ya naɗe shi a ƙyalle ya aika wa yarinyar a Sikaso, inda take aure da 'ya'ya shida, ba ta taɓa sanin kamannin ubanta ba. Aka ce ta rataye shi a ɗakinta.

Sitan tana nan tana suyar kifinta. Zumana yakan zo ranar Litinin ya zauna a benci, ya ce kifin Jarawa ƙaya ce zalla, ita kuma ta ce wake ya cinye masa haƙora. Zancen hoton bai sake haɗa su ba.