Muryar Mama Da Aka Goge A Filin Jirgi

Edita, a farkon shekarun casa'in ni malamar firamare ce a Kurmin Mashi, da aurena da yara uku. Mace ce ni mai gudun fitina a lokacin, irin wadda ko ƙafa aka taka mata ita ce za ta fara ba da haƙuri. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, mutum mai son a san ya isa, ga shi da son kayan wuta kamar me. In albashi ya shigo, kafin a auno masara ya sayo wani abu mai waya da maɓalli. Na rubuto ne domin abin da ya faru ya daɗe yana ci na, kuma duk wanda na faɗa wa baki da baki sai ya katse ni da cewa in yi haƙuri. Na gaji da jin wannan kalmar, so nake a bar ni in kai ƙarshe.

Mu biyu Mama ta haifa, ni da yayana da ke aiki a Legas. Bayan rasuwar Baba, yaya ya je ƙauye ya sayar da gonar gado bai shawarce ta ba. Ranar da ta ji, a gaban dangi ta ce kada ya sake tako mata gida a Unguwar Kanawa. Shi mai taurin kai ne, ita kuma a wurinta ya gado, sai shekaru suka yi ta tafiya ba wanda ya sauko. Da ciwo ya kwantar da ita, wata rana da yamma ta ce in kawo mata rakodata da sabon kaset. Na danna mata jan maɓallin ɗaukar murya, ta ce in fita in ja ƙofa, maganar ba tawa ba ce. Da ta gama ta kira ni, ta ce kada in saurara, kada in aika ta gidan waya, hannu da hannu zan ba yaya. Ba ta yi wata guda ba ta rasu. Shi kuma a lokacin yana kwance a asibiti, mota ta karya masa ƙafa, har aka binne ta bai zo ba. Da ya ɗan farfaɗo ya aiko yana tambayar abu ɗaya tak, ko Mama ta ambace shi kafin ta tafi. Na mayar masa da cewa ta bar masa kaset, zan kawo da kaina in an yi dogon hutu.

Da hutun ya zo aka biya maigida kuɗin hutunsa, sai ya ce ba za mu bi mota ba, jirgi za mu hau mu duka, yara su ga teku. Ni dai na san so yake unguwa ta ji. Ya kuma sayo wa yara gem, irin wanda ake haɗawa da talabijin, da wani ƙarami na hannu mai batir, ya ce dole a tafi da su domin 'ya'yan yaya su san mu ma ba a baya muke ba. Ni kayana ɗaya ne ya dame ni. Ana gobe tafiya na mayar da kaset ɗin farko ban saurara ba, na bar shi a cikin rakodar, na sa sababbin batura, don yaya ya danna kawai ya ji uwarsa. Akwai ɗan kunnen nan na bayan kaset da ake ɓallewa don kada a ɗauki wani abu a kai. Ban ɓalle ba, domin ban yi tunanin rakodar za ta bar hannuna ba.

A filin jirgi a wancan zamanin a kan dogon tebur ake zazzage wa mutum kaya, kuma duk abin da ke da waya sai an kunna shi a gaban jami'ai. Suna ganin gem ɗin talabijin suka ce tunda babu talabijin da za a gwada shi, ba za su iya sanin abin da ke ciki ba, sai dai a bar shi a wurinsu. Nan take maigida ya shiga roƙonsu. Ɗaya daga cikinsu kuma ya ɗauki ƙaramin na hannun ya jingina da bango yana ta latsawa yana dariya, ƙaton mutum da gemu, yarana suna kallonsa kamar za su yi kuka. Ana cikin haka wata jami'a ta ce mata su koma bayan labule a caje su, kuma ba a shiga da kayan wuta. Na miƙa wa maigida rakodar da hannu biyu. Na ce masa, a gaban yara na faɗa, ya san abin da ke ciki, ya cire kaset ɗin ya sa a aljihu kafin kowa ya taɓa. Ya ce ya ji, in je kawai. Layin mata ya yi tsawo, aka kwance mini ɗankwali, aka lalube ni da 'yata. Da na fito na tarar an ɗaure kaya, maigida yana ta washe baki don an sakar masa gem. Na tambaye shi kaset fa, ya ce lafiya lau yake.

Mun sami yaya yana dogara sanda, ya rame. Bai iya cin abinci ba sai da ya ce a kawo rakodar. Ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa coci, ya zauna a bakin kujera, ya ce ni da maigida da matarsa mu tsaya, ba zai iya ji shi kaɗai ba. Na mayar da kaset farko, don na ga ya yi gaba, ban kawo komai a raina ba. Ya danna. Sai ga muryar Mama, a shaƙe amma tata ce, tana kiransa da sunan da take kiransa tun yana yaro, tana cewa ya saurara da kyau domin ba za ta maimaita ba. Daga nan sai ƙas, muryar ta yanke. Abin da ya biyo baya hayaniyar filin jirgi ce. Wani yana hura iska a bakin rakoda yana gwaji, wasu suna ƙyaƙyata dariya, ga kukan ɗan gem ɗin nan yana tsit-tsit ba tsayawa. Ga muryar mijina yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, yana bayanin yadda ya sha wahala kafin ya sayi gem.

Har nan da zan iya cewa tsautsayi ne. Amma can sai muka ji ɗaya daga cikin jami'an da kansa yana cewa wannan abu fa har yanzu yana juyawa, kuma ɗazu ya ji muryar wata tsohuwa a ciki, Allah ya sa ba wani abu mai muhimmanci ba ne. Baƙo ke nan, wanda bai san mu ba, shi ya damu. Sai mijina, uban 'ya'yana, wanda Mama take ɗebe wa nama daga miyarta, ya ce a ƙyale shi kawai, surutun surukarsa ne, su koma kan maganar gem. Da kunnena na ji, yana zaune kusa da ni.

Yaya bai kashe ba. Ya zauna ya saurari dukan shirmen nan, kansa a sunkuye, yana jira ko wani abu ya tsira. Da hayaniyar ta ƙare sai muka ji tarin Mama, sannan ta ɗaga murya tana kirana in zo in kashe abin nan, ta gama. Abin da ya rage masa ke nan daga uwarsa, farkon magana da ƙarshenta. Ko yafe masa ta yi, ko ƙara jaddada fushinta ta yi, ko gaya masa ta yi inda ta ga laifin kanta, babu mai rai da ya sani.

Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na tashi na zagi maigida tas a gidan mutane, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce wai bai so ya ɓata wa masu kaki rai ba, lokacin soja ne, da sun riƙe gem yara za su yi kuka. Sai kuma ya ce wai bai san jan maɓalli yana gogewa ba. Mutumin da yake kwance rediyo ya mayar don nishaɗi, shi ne bai san aikin jan maɓalli ba! Hannu kawai zai miƙa ya danna, ko sakan ɗaya ba za ta ɗauke shi ba, kuma jami'in ma ya ba shi hanya. Ya auna muryar uwata da abin wasan yara, ya ga abin wasan ya fi nauyi. Yaya ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki, kuma har muka bar Legas bai sake zama cin abinci da mu ba. Yara sun ga teku, ni ban bi su ba.

Da muka dawo Kaduna sai ga maigida wata rana da kwalin sababbin kaset, ya ajiye mini a kan gado, wai ga madadin wanda ya lalace. Wallahi da ya bar ni da shirunsa ya fi mini. Gem ɗin kuwa bai kai Kirsimeti ba, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, aka jefa a bayan kabad. Fasto ya yi mini magana, matan zumunta sun zo gida sun yi addu'a, kowa yana cewa kaset ne kawai, kada in kashe aurena a kan roba. Ban kashe ba, saboda yara. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, amma tun daga ranar ban sake ba shi ajiyar ko allura ba. Har yau bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi laifi ba, cewa yake na cika riƙo. Na yarda ina da riƙo, kuma a kan wannan ban ga ranar saki ba. Jami'an nan ma ban wanke su ba. Aikinsu su duba kaya, amma ban san dokar da ta ce su mai da kayan mutane abin wasa ba, suna latsa abin da ba su san darajarsa ba don sun ga ba mai iya ɗaga musu murya.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Masu tafiya da iyali, kayan wuta suna ɗauke hankali a wurin bincike, kowa idonsa yana kan abu mai tsada, a nan ne abin da ba a saye da kuɗi yake salwanta. In kina ɗauke da abin da babu irinsa, raba shi da na'ura, ki sa a jikinki, ki yi kwafi tun a gida. Kada ki ce ai mijina ne, ai ya sani. Ki dubi abin da mutum yake rawar jiki a kansa kafin ki damƙa masa amana. Ku kuma da kuke gaba da iyayenku, ko iyayen da kuke fushi da 'ya'yanku, kada ku bar wa na'ura maganar da ya kamata a yi ido da ido, ku hau mota ku je tun ana numfashi. Yayana yanzu ya yi furfura, kuma duk haɗuwar da za mu yi sai ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko na ɗan jiyo wani abu ta bayan ƙofa ranar nan, ko kalma ɗaya ce. Sau da yawa nakan ji kamar in ce masa ta yafe, ya samu ya huta. Amma ban jiyo komai ba, kuma ba zan sa wa Mama magana a baki ba.