Karfatar Rago da Kafaɗar Alhaji Bala

Shekara tara ke nan da muka kai abokina Alhaji Bala makwanci, Allah ya jiƙansa. Mutane suna tuna shi da kyauta. Ni kuwa da kafaɗarsa ta dama nake tuna shi, don ta kusa raba mu.

A ƙarshen shekarun casa'in ɗaki ɗaya muke kamawa a Sanyuanli, wata unguwar 'yan kasuwa a can gabas mai nisa, hawa na shida, babu lifta, muna saro takalma zuwa Kano. Wata safiya Bala ya ce kafaɗarsa ta mutu. To, ji irin ciwon: jaka a rataye yana ɗauka, loma tana isa baki lafiya lau, amma ka ce ya ɗora kwali a ka sai ya yi ƙara kamar an taka akuya. Na ce wannan wane irin ciwo ne mai zaɓen aiki? Kwalayen da na hau benen nan da su, da a jere suke da sun kai kasuwar Kwari.

Wani likita a titin Huanshi Lu ya ce tsoka ce ta ɗan yage, a huta, kada a bari kowa ya ja hannun. Ni ina zargin Bala, Bala yana zargin likita. Shi ɗan mahauta ne, zanen takarda ba ya gamsar da shi. Bayan Juma'a ya sayo karfatar rago wajen wani Musulmi mai nama kusa da Masallacin Huaisheng, ya shimfiɗa jarida, ya feɗe ta da hannun hagu.

Ya ɗage tsokar sama, wadda a jikin mutum ta lulluɓe kafaɗa kamar hula. Ƙarƙashinta ga wasu huɗu sun taso daga allon kafaɗa, sun rungume kan ƙashin hannu. Gurbin gaɓar ba shi da zurfi, kamar ƙwai a cokali, su ke hana shi zamewa. Ya nuna ta can sama, ya ce a mutum ita ke fara ɗaga hannu gefe.

"Ka gani, Ɗanladi? Likitan nan bai yi ƙarya ba."

"Na ga rago," na ce. "Kai ban feɗe ka ba."

Muka dafa naman muka cinye, zargina yana nan. Har na fara magana da wani ɗan zango daga Kumasi mu haɗa kwantena, in bar Bala da kafaɗarsa.

Juma'ar da ta zagayo na tsaya a sahun bayansa da gangan. Liman ya yi kabbara. Hannun hagu ya kai kunne, na dama ya maƙale a ƙirji yana rawa, wuyansa ya karkace yana neman taimaka masa. Bai san ina nan ba, kuma Ubangijin da yake tsaye a gabansa ba a yi masa wasan kwaikwayo. Gani ya kori ji. Na sallami ɗan Kumasi, na ci gaba da dako wata huɗu.

Gaskiya dai, satin da muka koma masauki mai lifta ya warke. Wannan har gobe ina nazarinsa, ko da yake an ce zato zunubi.

Da yana raye ya ga samarin yanzu masu kumbura kafaɗa a gidan ɗaga ƙarfe, na san abin da zai ce: tsokar waje suke kiwo, ƙananan da ke riƙe gida ba wanda ya san da su. Shi ma haka ya zauna a cikinmu. Sai da ya tafi muka ji hannu ya ƙi ɗaguwa.

Ban taɓa gaya masa na shiga masallaci don leƙen asirinsa ba. Yau na faɗa a jarida, inda ba zai iya ramawa ba. Bala, ka yafe mini.