Kullun Da Bai Tashi Ba

Ni dai tun ina ƙarama bakina ba ya hutawa. A gidanmu na Zuru, da an ci tuwo sai Kaka, mahaifiyar babanmu, ta jawo kujera bakin murhu, mu zube gabanta muna gasa gyaɗa. Dokarta ɗaya ce: in tana labari, ba a tambaya. Ranar da na ce, "Kaka, kurar nan da Hausa take magana ko da yarenmu?" ta kore ni, wai sai na koyi kama bakina. Na yi kwanaki ina jiyo dariyarsu daga ɗaki. Abin ya ƙona mini rai.

Lokacin ina ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. A darasin addini malaminmu ya koya mana yadda Yahudawa ke Idin Ƙetarewa. Ya ce a al'adarsu ƙaramin yaro ne ke tambaya kafin a ba da labarin fitowarsu daga Masar: me ya sa ake cin gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci? Kai! Na ji kamar in tashi in taka rawa. Ashe akwai masu jiran tambayar yaro!

Da yamma na tsinko shuwaka, na dire ta gaban Kaka, na zayyana mata komai ina haki.

"To, ga ɗiyar Yahudawa ta iso," in ji ta. "Tambaya ɗaya. In ta banza ce, ki koma ɗaki."

"Me ya hana su jira gurasarsu ta tashi?"

Ai sai Kaka ta miƙe! Ta zama Fir'auna, ta kumbura murya: "Ku fita, ku bar mini ƙasa!" Ta zama matan Isra'ila suna naɗe kullu a mayafi suna saɓawa a kafaɗa. "Bawa an buɗe mai ƙofa, ya tsaya jiran kullu?" Ta ɗaga muciya ta raba teku, muna ihu, gyaɗa na ƙonewa ba wanda ya kula.

Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara ta biyu. "Kaka, ke kin taɓa gudu haka?"

Na ce a raina shi ke nan, na kori kaina. Amma sai ta ce, "Matso nan kusa da ni."

Ta ce mijinta, wato kakanmu, soja ne. Da aka tura su yaƙi, aka kawo wa matan bariki mota ba shiri, a kwashe su a mayar da su garuruwansu. Ta bar kullun waina a tukunya, ta goya babanmu ta hau, ko sallama ba su yi da mijinta ba. Bai dawo ba. Babanmu na tsaye a bakin ƙofa yana saurare, shi ma ranar ya fara jin haka.

Yanzu ni ma malama ce. In yarinya ta katse ni ana tsakiyar darasi, nakan haɗiye fushina in saurara. Da na kama bakina ranar nan, da Kaka ta tafi kabari da labarinta.