Da'irata Ta Zama Mangwaro

Jama'a, yau dokar da na kafa da bakina ta hau kaina!

Kun san ina koyar da lissafin siffofi a sakandare. Dokata ita ce duk wanda ya makara sai ya zana da'ira a allo da hannu kawai. In bai ci maki biyar cikin goma ba, waje!

To yau gosulon motoci a hanyar Kubwa ya riƙe ni har na makara. Ina shiga aji, Hauwa monita ta miƙo min alli. "Malam, bismillah."

Na zana, wallahi ƙwai ya fito! Na goge na sake.

Ɗalibata Blessing ta ce, "Wannan ai mangwaro ne. Maki biyu!"

Haka na fita waje. Ta taga na koyar da darasin yau, ɗalibai suna ta cewa, "Malam, ɗaga murya!"